Gwangwanayen Ɗanlami a Kogon Itatuwa

Aikin farko yau: mayar da tabarmin makoki masallacin unguwa. Na yi. Ɗaya ta yage a gefe, na faɗa wa ladan.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 11 ga Fabrairu 2025, daidai da 12 ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran abokina Ɗanlami direba a asibiti a Maradi, bayan zazzaɓin da muka ɗauka na sanyi ne. Aka kawo shi gida Madarumfa, aka yi masa sutura bayan la'asar. Na daɗe ina rubuta abin da na yi kowace rana, amma ban taɓa rubuta wa mamaci ba, ban kuma san ko haka ake yi ba. Ɗanlami, zan yi maka magana kamar kana zaune a bencin ƙofar gidana.

Tun muna kwalej kake kirana Mushe Watakila, wato Malam Watakila a bakin masu Faransanci, don ba na iya cewa i ko a'a kai tsaye. Kai kuwa ka san inda ka dosa tun kafin ka sami na'urar nan ta GPS. Ka tuƙa motar wani proje, wato shirin raya karkara, mai auna lambuna, da aikin ya ƙare injiniyan ya bar maka ita: rawaya, daidai tafin hannu, da igiyar ratayawa a wuya. Kana kiranta ƴar rawaya. Matarka Ɗelu takan ce ko hularka ka manta, ba ka manta ta.

Ba ka mayar da ita abin gayu ba. Masunta sukan nutsar da gurarsu ta kamun kifi a tafki, ruwa ya ƙaru ya shanye alamar. Kai ne kake shiga kwalekwale ka ɗauki lambar wurin, ranar ɗagawa ka kai su kansa. Ka zagaya lambuna da ƙafa kana auna wa mutane faɗinsu don su san takin da ya ishe su, ladanka albasa ko latas, wani lokaci godiya kawai. Na tuna ranar da hadari ya rufe rana muna dajin Sarkin Yamma, na shimfiɗa rawani zan ta da salla. Ka duba ƴar rawaya, ka kama kafaɗata ka juya ni, ka ce, "Mushe, in Katsina kake son gaisarwa, bari sai mun idar."

Sai wasan da injiniyan ya koya maka, wanda ka ce matafiya na yinsa a ƙasashe da yawa. Ana samun gwangwani a sa ƙananan abubuwa da ƴar takarda, a ɓoye a kogon icce, a ɗauki lambobin wurin a ba abokai. Mai nema ya bi kibiyar na'ura har ya samu, ya rubuta sunansa, ya ɗauki abu ɗaya, ya ajiye wani. Duk inda tuƙi ya kai ka tsakanin Maradi da Ɗan Issa, sai ka bar gwangwani. Samarin gari sukan ari ƴar rawaya ranar Lahadi su tafi nema. Kai kuma kana jiran ranar da baƙo daga nesa zai zo ya sa sunansa. Bai zo ba. Na taɓa ce maka mutanenmu ba za su fahimci mutum yana ɓoye abu a icce ba. Ka yi dariya, ni ma na bar maganar.

Muna cikin zaman makokinka zancen ya ɓullo. Baba Ado, dattijon masuncin nan mai gona a bakin gulbi, ya je sassabe ya ga gwangwani a kogon gawon iyakarsa. Ya buɗe ya ga takarda, aka karanta masa, sai ga sunan ɗansa Salim. Ka san Salim ya tafi Aljeriya bara waccan, tun damina kuma ba a ji daga gare shi ba. Suna a takarda, takarda a gwangwani, gwangwani a iyakar gona: Baba Ado ya ce kurciya ka yi wa ɗansa don ya bar gida. Kafin a yi addu'ar uku, matan da ke cika ɗakin Ɗelu sun ragu. Ƴarka Mardiyya ta dawo daga famfo tana kuka, ta ƙi faɗin abin da aka ce mata. Kai da za ka yi bayani cikin raha kowa ya watse, kana ƙarƙashin ƙasa.

Na je na yi wa Baba Ado bayani, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ashiru, kai ɗan lakkwal ne, boko ka yi. Wasa da sunan ɗan mutum a kogon icce?" Na dawo ban san abin yi ba. Ɗelu ce ta miƙo mini ƴar rawaya ta bayan labule, ta ce, "Kai ka san yadda yake yi. Ka wanke shi."

Jiya da hantsi na roƙi liman da Baba Ado su biyo ni, mu nemo wani gwangwanin da ba wanda ya taɓa tun rasuwarka. Na zaɓi na tsamiyar nan ta gabashin tafki. Kibiya na ta juyawa, na kai su cikin lambun wani har sau biyu. Liman ya ce, "Ashiru, kibiyar ce ke yawo, ko kai ne?" Sai na tuna kana cewa ba ta nuna hanya ga wanda ya tsaya cak, sai ana tafiya. Na ci gaba da tafiya, ta daidaita.

Liman ne ya sa hannu da bisimilla ya ciro shi. A ciki akwai maɓalli, da murfin biro, da alawar da ta narke. Ya karanta sunayen da ƙarfi: nawa, na Mardiyya, na ƙanen liman ɗin kansa, sannan na Salim, kowanne da rubutun hannu daban. Baba Ado ya kalli takardar kawai, don boko ba ya gaya masa komai. Sai da liman ya zazzage gwangwanin, wata ƙugiya ta faɗo da guntun zare a ɗaure. Dattijon ya ɗauka ya kai kusa da ido, ya daɗe yana juya ta.

"Wannan ɗaurin gidanmu ne," ya ce. "Ni na koya masa. Ashe da ƙafarsa ya zo nan."

Ya zauna a saiwar tsamiya. Can ya nuna ƴar rawaya ya ce, "Abin nan, yana iya nuna inda mutum yake?" Na ce a'a, Baba, sai dai inda mai riƙe da ita yake tsaye. Ban ce watakila ba, Ɗanlami, ko da yake na so in ce. Ya sa ƙugiyar a aljihu, ya tambayi ƙa'idar wasan, ya ciro goro ɗaya ya jefa a gwangwanin, ya mayar da shi kogon da hannunsa. Da yamma an gan shi durƙushe a zauren gidanka yana gaisuwa.

Ba kowa ya bar maganar ba tukuna. Liman ya ba da shawarar a kwashe sauran gwangwanayen kada wani ya sake tsintar fitina, kuma gaskiyarsa ne. Amma duk wanda na ciro, sai in ji kamar na rage wani wuri da ka taɓa tsayawa kana murmushi kai kaɗai. Bencin ƙofata ya yi mini faɗi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa aunon da ka yi wa mutane kyauta ya yi nauyi a mizaninka. Ina miƙa ta'aziyya ga Ɗelu, da Mardiyya, da ƴan'uwanka, da direbobin tasha, da masuntan tafki. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya dawo wa Baba Ado da ɗansa lafiya, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Gobe, in Allah Ya kai mu:

– Ban ruwan lambun Ɗelu, kafin nawa.
– Raka Mardiyya lakkwal, in gaisa da malaminsu.
– Ciro gwangwanin hanyar Ɗan Issa da na bayan kasuwa.
– Tambayar Ɗelu ko zan iya riƙe ƴar rawaya zuwa bayan azumi.
– Na tsamiya: a bar shi.