Tumatirin da Bai Fashe Ba

Ba don lafiyar jiki na shiga karate ba, ko da yake abin da na faɗa wa Malam ke nan ranar da ya tambaye ni. Na shiga ne don in fasa wa ɗan Baffana hanci. Gara in faɗi gaskiya tun daga farko, tunda shekaru sun ja kuma hancin yana nan lafiya lau.

Ƙauyenmu yana gefen Tofa, inda gona take manne da gona, babu ko taku goma na daji. Gonarmu da ta Baffa, wan mahaifina, asalinsu ɗaya ne. Da kakanmu ya rasu aka raba ta biyu, aka dasa layin gamba a tsakani. Gidajenmu ma katanga ɗaya ce ta raba su, da wata 'yar ƙofa a jikinta wadda mata suke bi su kai wa juna tuwo ko su ɗebo wuta.

Ɗan Baffan nan ya girme ni da shekara biyu, Yaya nake ce masa. A kakar da na cika sha tara aka kafa kokawa a dandali bayan la'asar, ni kuma rawar kai ta sa na fita na nuna shi. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga sama, sai na ji ƙasa. Ya taka gaban makaɗa yana kirari, 'yan mata suna shewa, ni ina kakkaɓe ƙasa daga kunnena. Har aka shiga rani yara suna kirana buhun gyaɗa. Na ji zafin abin nan ƙwarai, kuma na riƙe shi.

Inna ta gane. Mahaifina bai daɗe da rasuwa ba a lokacin. Ta ce, "Ubanka ya tafi ya bar mu a hannun Baffanka. Ranar da ka fitar wa ɗansa jini, ka tabbata da hannunka ka toshe ƙofar can." Na ce to. Amma to ɗin baki ne kawai.

Malam siririn mutum ne mai tabarau, yana aiki a ɗakin karatu na jami'ar da ke wajen Rijiyar Zaki, ya yi aure a garinmu ya zauna. In ka gan shi a kan tsohon babur ɗinsa sai ka rantse iska za ta iya ɗauke shi. Asabar da Lahadi yana tara matasa a filin firamare yana koya musu karate. Da na ce masa lafiyar jiki ta kawo ni, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Amma shigo. Ga tsintsiya."

Sati uku ina sharar fili da tsintar ƙaya, saboda ba takalmi ake yi. Ni da na zo koyon duka! Sai gaisuwa: kafin ka taka fili ka ɗan sunkuyar da kai, kafin ka kara da mutum ka gaishe shi, bayan kun gama ka sake gaishe shi. Wani dattijo ya taɓa tsayawa ya ce wannan ai ruku'u ne ga mutum. Malam ya ce, "A'a Baba, ruku'u na Allah ne. Wannan bai kai ko rusunawar da nake yi miki... da nake yi maka da safe ba." Dattijon ya yi dariyar tuntuɓen harshen ya wuce.

Ranar da aka fara haɗa ni da wani, na samu sa'a na share masa ƙafa ya faɗi. Jinin kokawa ya motsa. Na ɗaga hannu sama na zagaya fili ina kirari, ni ne guguwa, ni ne gatari sai an sa ƙarfi. Ina jiran tafi sai na ji shiru. Malam ya zo ya kwance farar ɗamarar da ke ƙuguna, ya ninke ta a hankali ya sa a aljihu. Ya ce, "Wanda ka kayar ya ara maka jikinsa ne don ka koya. Ana yi wa mai ba da aro kirari? Je ka ɗaga shi." Sai da na yi wata guda ina atisaye da riga a buɗe, kamar ɗan tallan kifi.

Amma abin da ya fi ba ni wuya shi ne tumatir. Malam yakan ɗaure nunannen tumatir da zare a reshen mangwaro, daidai tsayin fuskar mutum. Zai ce ka kai naushi da dukkan ƙarfinka, amma ka tsayar da hannu kafin ya taɓa. In ka rage ƙarfi zai ce ƙarya kake yi. In ka taɓa, ruwan zai fallatsar maka a riga, ka koma gida kowa ya san ka faɗi. Rigata ta sha tumatir har Inna ta ce ko miya ake koya mana. Na taɓa ce masa, cikin fushi, mene ne amfanin naushin da ba ya sauka. Ya ce, "Jaki ma ya iya harbi. Abin da jaki bai iya ba shi ne fasawa bayan ya ɗaga ƙafa." Yakan ce wanda ya iya karate ba shi ne mai fara kai hannu ba, kuma gaskiya da ladabi suna cikin darasi kamar yadda tsayuwa take ciki. Ina ji, ina gyaɗa kai, a zuciyata kuwa ina ganin fuskar Yaya a jikin kowane tumatir.

Haka na yi shekara biyu. Ɗamarata ta canza launi sau uku, tumatir ya daina fashewa.

Sai wata damina, lokacin huɗa. Na je gona da safe na tarar shanun Yaya sun bi ta kan gamba, garma ta tumɓuke kusan rabin layin, ya ja kunya guda cikin gonarmu. A wurinmu kunya guda ba ƙaramin abu ba ce. An sha zuwa gaban mai gari a kan abin da bai kai ta ba, wasu gidajen har yau ba sa gaisawa. Baffa yana zaune gindin ɗorawa da sandarsa, maƙwabta kowa yana bakin aikinsa, kuma kowa yana jin mu.

Na ce, "Yaya, ka shigo mana gona."

Ya ce, "Shanu ne suka kauce. In kana da magana ka yi da su."

Na ce ya gyara. Ya saki garma ya matso, ya ce, "In na ƙi fa? Za ka gwada min rawar da kuke yi da fararen kaya? Buhun gyaɗa." Ya ɗauke ni da mari.

Wallahi ban yi shawara ba. Ƙafata ta ja baya da kanta, ƙuguna ya juya, hannun dama ya tafi da duk abin da na tara na shekara biyu. Na ji wata mata ta yi salati. Sai hannun ya tsaya. Tsakaninsa da hancin Yaya bai fi kaurin ɗan yatsa ba.

Ba zan yi ƙarya in ce tausayi ne ya tsayar da ni ba. Hannun ne ya yi abin da aka koya masa. Amma da ya tsaya, sai na samu damar ganin abin da ke gabana. Yaya ya runtse ido, kuma hancin nan da na yi shekara biyu ina nema, hancin mahaifina ne sak, irin na gidanmu. Na sauke hannu, na ja da baya, kuma saboda sabo sai na sunkuyar masa da kai.

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya dogara sanda ya miƙe. Ya tako a hankali, ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ɗauki tushen gamba guda ya fara mayar da shi gurbinsa da hannu. Tsoho mai ciwon gwiwa. Ban san wanda ya riga wani a cikinmu ba, sai ga ni ga Yaya a durƙushe, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, muna cewa, "Baba, bari, za mu yi." Muka dasa layin har ƙarshe ba mu dubi juna ba. Da rana ƙanwar Yaya ta shigo ta 'yar ƙofa da kwanon fura, Inna ta karɓa ta dube ni, ta juya da sauri tana goge ido da bakin mayafi.

Ranar Asabar na ba Malam labari, ina sa ran yabo. Ya saurara har na gama, ya ce, "Tumatirin ya fashe?" Na ce a'a. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ga tsintsiya." Amma na ga yana murmushi da ya juya.

Yanzu Malam ya tsufa, ni nake riƙe da filin. Baffa ya rasu. Gambar tana nan, duk kaka ni da Yaya muke yankarta mu raba, kowa ya saƙa zana. Bai taɓa ba ni haƙuri a kan marin ba, ni ma ban nema ba, mun san halin juna.

Bara da rani ina cikin share fili sai ga shi da kwando a ka, 'yarsa mai shekara tara tana bin sa. Ya dire kwandon, cike da tumatir na lambunsa, jajaye. Ya tura yarinyar gabana ya ce, "Ga ta nan, zuciya gare ta irin taka. Ka koya mata abin nan da ya bar min hancina."