Delbert Haugen: Mutum Bakwai, Tsani Ɗaya

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina Delbert Haugen a zangonmu na masu motar-gida da ke garin Yuma, yana da shekara saba'in da shida. Ya faɗo ne daga kan tsani a bayan motarsa. Kowa da ranarsa, ban musa ba. Amma Delbert, har yau ina fushi da kai, kuma gara in faɗa a rubuce.

Shekara tara muna tsere wa sanyin Dakota tare, motarka a gefen tawa. Ba mai motar-gida a layinmu da bai ci moriyar hannunka ba. Kai ka ɗaura wa Misis Oyler kyamarar ganin baya marar waya bayan rasuwar mijinta, ka hana ta ko taɓa jaka. Ka jona wutar da ƙananan fitilun sama, ka toshe hujin da gam don kada ruwa ya shiga, sannan ka manna mata takarda a sitiyari: "Kunna fitila tukuna, in ba haka ba allon baƙi ne." Motoci fiye da ashirin ka yi wa haka. Taka kuwa ko oho. In an tambaye ka sai ka ce, "Ni da nake da matata Marlys? Shekara talatin tana tsaye a baya tana ɗaga min hannu, sau ɗaya kawai ta sa na daki bishiya, shi ma ranar mun yi faɗa ne."

Abin da ka ɓoye mana shi ne idonka. Tun watan Disamba likita ya hana ka tuƙi. Gidanku na Minot a Dakota kun sayar da shi tuntuni, wannan motar ita ce ɗakin kwana, ita ce kicin. In Marlys ba ta iya tuƙa ta da kanta ba, ɗanku Craig ya riga ya nema muku gurbi a gidan tsofaffi. Kai kuma ba ka gani sosai, balle ka tsaya mata a baya. Shi ya sa ka sayo kyamarar. Da ka buɗe baki ka faɗa mana, da kafin kofi ya huce mun gama maka. Girman kai ya hana ka, ka hau tsani da idon da ba ya bambance matakala.

Fushina a kanmu ya fi wanda nake yi da kai. Ka san halinmu a zango: da mutum ya fara aiki ko ya sa ribas, sai a jawo kujeru a zauna kallo. Mu bakwai ne a ranar, kowa da kofinsa. Vern Stadler yana cewa, "Tsoho, ta karkace, matsa ta hagu." Wani ya ce ai sigina ba zai kai gaba ba, motar ta yi tsawo. Shawara kamar ruwan sama, amma ba wanda ya tashi ya riƙe tsanin. Ka waiwayo ka ce min, "Lyle, in ka gama shan baƙin ruwan nan ka zo ka dafa min." Na ce bari in ƙarasa. Kurɓi biyu ya rage a kofin, ban ƙarasa ba na ji ƙarar.

A wurin jana'iza Vern ya tashi yana cewa ka mutu kana aikin da kake so. Na fita waje don kada in ci mutuncinsa a cikin coci.

Kwana uku da binne ka Craig ya kawo mai sayen mota. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, ko ribas ba ki taɓa yi da ita ba." Marlys ta dube ni ta ce, "Lyle, wayoyin wuta biyu suka rage bai haɗa ba. Hau. Ni zan riƙe maka tsanin." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba. Na hau, na haɗa.

Ta zauna a kujerarka, ta kunna fitila. Abin da ya fara fitowa a allon shi ne simintin da ka faɗi a kai. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sa ribas, ta fitar da motar har bakin titi ba ta taɓa komai ba. Ta sauke gilashi ta ce wa ɗanta, "Sallami mutumin nan, gidana ba na sayarwa ba ne." A watan Afrilu za ta kama hanyar Dakota ita kaɗai, kujerar gefenta babu kowa.

Allah Ya ji ƙanka Delbert, Ya yafe maka kurakuranka har da taurin kan, Ya ba ka hutawa. Marlys, Craig da jikoki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsare hanya. Ni kuma ku roƙa min gafara, don ni ya kira.

Lyle Brekke, Yuma