Jijiyar da Ta Rage a Wuyan Sani

Ran Laraba ce, da hantsi. Ina surfen gero, maigidana Sani yana ba tumaki dusa, muna musu a kan wa ya bar ƙofar garke a buɗe. Shi ne, amma ina zai yarda. Ƙauyenmu ta wajen Mashi yake, nesa da titi.

Sai muka ji rugugin babura ta gabas. Harbi ya biyo baya. Wani ya kwarma ihu, "Ku fita! Ɓarayin daji!" Na yar da taɓarya. Sani ya tada babur, ya ɗora yaranmu biyu a gaba, ni a baya, muka yanki gonaki.

A bakin wani kwari tayar gaba ta nutse cikin yashi. Ni da yara muka zube gefe. Shi kuwa da ka ya sauka.

Ya tashi fa, da ƙafarsa. Sai dai ya tallabe kansa da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono, ya ce in ya saki, ji yake kan zai faɗi. Haka muka taka har azahar, ƙaya na cin ƙafar yara, ba mai kuka. Ruwa ma ni na ba shi a baki.

A ƙauyen da muka faɗa akwai wani tsoho mai ɗori, mutumin kirki, tabarmarsa ma ya ba mu. Ya shafa ƙeyar, ya ce targaɗe ne. Mu a wajenmu targaɗe ja ake yi, kowa ya san haka. Ya zarga rawani ƙarƙashin haɓar Sani, maza biyu suka danne kafaɗu. Tsohon ya ce, "Sauke hannunka!" Sani ya dube ni, ya sauke. Tsohon ya yi bisimilla ya ja. Na ji ƙas. Ƙafafun Sani suka saki.

Da la'asar aka samu mota zuwa asibiti a Daura. Likita ya ɗauki hoton wuyan, ya zaunar da ni. Ashe wasu gajerun jijiyoyi biyu ne, kowace ba ta wuce gaɓar yatsa ba, suke ɗaure ƙoƙon kai da ƙashin wuya na biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ke hana kai gocewa ya danne lakar da ke cikin ƙashin wuya. Ya ce ga alama faɗuwar ta tsinka ɗaya. Ɗayar ce ta riƙe shi duk tafiyar nan, ita da hannayensa. Jan da aka yi ne ya ƙarasa ta.

Kafin magariba Sani ya cika.

Wallahi har yau zuciyata na tafasa, kuma na rasa wanda zan sauke wa. Tsohon ya zo gaisuwa, ya kasa haɗa ido da ni. Rumbunmu ya ƙone, babur yana can kwari ko an ɗauke, oho. In mutanen ƙauye na lissafa waɗanda ɓarayin suka kashe ran nan, ba sa sa Sani, wai ba harsashi ne ya same shi ba. Ni ina sa shi.