Muryar Ƙaltume a Bakin Zabuwa

Falalu mai gyaran agogo bai taɓa taka ƙofar gidan rediyo ba, amma duk wanda ya yi ƙuruciya a unguwar Nima wajajen 1978 ya san muryarsa. Ko in faɗi gaskiya, ya san muryoyin mutane da Falalu ya kwashe.

Abin ya faro ne daga talabijin ɗin Alhaji Moro, wadda ta iso da hoto tangaran amma ba ta ko tari. Alhaji ba ya yarda an cuce shi, sai ya ce ai haka Turawa ke kallonta. Kullum bayan la'asar a fito da ita tsakar gida, unguwa ta taru kallon katun: wani kada mai hula yana bin wata tsuntsuwa mai laima, bakuna na motsi, shiru kake ji. Nima ta yanke cewa tsuntsuwar zabuwa ce. Ran nan Falalu ya gaji da shirun, ya ja kujera bayan akwatin, ya ba su baki.

Shi kadan, ya ba shi muryar ladan, har da tarinsa. Zabuwa kuwa bai je nesa ba, ya ba ta muryar matarsa Ƙaltume, Maman Zuera mai koko da ƙosai, wadda in ta ce "Kai, zo nan, wa ya haife ka?" a Nima, akuya a can unguwar Maamobi takan ajiye abin da ta sata.

Bayan shekara uku aka kawo wani mai gyara daga unguwar Kokomlemle ya haɗa wayar sauti. Zabuwa ta buɗe baki, sai Turanci ta hanci. Dattawa suka ce ya lalata musu tsuntsuwa, ba su bar shi ya fita ba sai da ya sake tsinke wayar.

Mai shan wahala ita ce Ƙaltume. Ta yi haƙuri shekara bakwai, sannan ta ɗaura gyale ta kai ƙara wurin Mai-unguwa Dramani.

"Baba, mutumin nan ya sace muryana," in ji ta. "In na yi faɗa, mutane na dariya sosai paa. Jiya wani ya zubar mini da koko, na zage shi, ya tafa hannu wai in sake."

Mai-unguwa ya cusa bakin rawani a baki, don shi ma zabuwar yake ji. Da ya samu numfashi ya ce abin da aka ɗauka ba izini, mayarwa ake yi. Aka kawo ƙwarya. A gaban shaidu Falalu ya sunkuya ya faɗa a ciki, "Wa ya haife ka?", ya yi maza ya rufe da faifai, ya miƙa mata da hannu biyu, ya rantse ba zai ƙara ba. Ta kai ƙwaryar ƙarƙashin gado. Daga ranar zabuwa ta zama bebiya, har mata na tare Falalu a hanya suna tambayar ya mai jiki.

Ƙaltume ta rasu a 1995. Ba ta bar kaset ba, hotonta ɗaya ne, shi ma baki rufe. Da aka watse daga sadakar arba'in, gidan ya yi wa Falalu shiru irin na talabijin ɗin Alhaji. Ya jawo ƙwaryar ya buɗe, bai tarar da komai ba sai maɓallan riga da gawar kyankyaso. Ya nemi gafarar rantsuwarsa, ya gyara maƙogwaro ya gwada. Shekara goma bai taɓa muryar ba, abin da ya fito muryar tsoho ce kawai. Mutumin da ya sa unguwa dariya ya zauna bakin gado ya yi kuka, don a ranar ya san ta tafi.

Washegari da hantsi yana kan teburin agogo, sai ya ji daga bayan katanga, "Kai, zo nan, wa ya haife ka?" Sukudireba ta faɗi daga hannunsa. Sanatu ce, matar maƙwabci, take wa 'yarta faɗa. Can wajen famfo wata ta amsa da irinta sak. 'Yan matan da suka zauna gaban akwatin sun girma sun haihu, kuma ba su san wata hanyar faɗa ba sai ta zabuwa.

Falalu ya ɗauke teburinsa ya koma lungun da ya fi ko'ina yara marasa ji. Har ya bar duniya aljihunsa bai rabu da alewa ba, yana ba su a ɓoye su je su kifar da bokitin uwarsu. In faɗan ya tashi, sai ya ajiye agogo, ya ce a hankali, "Na'am, Maman Zuera, ga ni nan."