Gora Mai Jan Zare

Mai sharar makarantar nan ba ta iya karatu ba, amma babu abin da ke wuce hancinta. Tun rasuwar mijinta take riƙe da tsintsiya, kuma albarkacin tsintsiyar aka ba autanta gurbi a aji, yaron da ta ɗora wa duk burinta. Ɗalibai na tsokanarta da Inna Tsintsiya, ita kuma ta bi su da baki, don ba ta barin ta kwana.

Da giya ta shigo makarantar, ita ta fara ganowa. Ja'iran yaran ba sa zuwa da kwalba; a gorar ruwan sha suke ɗurawa, su kurɓa a bayan banɗaki, su wurgar in sun ji tafiya. Shugaban makaranta ya ce duk gorar da ta tsinta mai wari ta kawo masa, mai ita kuwa kora ce, babu roƙo. Ta kai da yawa. Har tana cewa iyayen zamani ne ba sa sa ido.

Ita kam tana sa ido. Gorar autanta ma jan zare take ɗaura wa a wuya, ƙulli irin nata, don kada a musanya masa.

Ran nan tsintsiya ta jawo gora daga cikin ciyawa. Jan zare. Ta buɗe, warin ya daki hancinta. Ta ce ƙila sace masa aka yi. Ta ce ƙila hancinta ne ya tsufa. Ƙarya take wa kanta, kuma ta sani, don ta tuna barcin ranar da yake yi kamar an yar da buhu, da cingam ɗin da ba ya rabuwa da bakinsa.

Da shugaba ya tambaye ta ko an samu wani abu yau, ta ce babu, gorar tana ƙarƙashin mayafinta. A gida ta yi ta dirzar ta da sabulu tana kuka. Ta ritsa yaron, ya rantse ya maimaita cewa ya daina, har da 'yar ƙwallarsa.

Da safe ta cika gorar da ruwa, ta miƙa masa.

"Don girman Allah, wannan kaɗai za ka sha."

"To, Inna."

Ta bi shi daga nesa, tsintsiya a hammata. Bai ko kai kwanar layi ba ya tsaya, ya kwance murfin, ya tuttular da ruwan a gindin katanga, ya mayar da gorar jaka wayam.