Rasit ɗin Baba Kefas

Shekara goma sha uku ke nan Baba Kefas yana buga katin aure da takardun jana'iza a shagonsa na bakin kasuwar Zuru, duk da manhajar zane guda ɗaya. Lasisin dindindin ya saya, irin wanda ake biya sau ɗaya a huta. Da ya bar aikin soja ya rantse ba zai ƙara zaman haya ba, ko ta ɗaki ko ta manhaja.

Lambar lasisin a jikin rasit ta zo, siririyar takardar nan irin ta na'urar cire kuɗi. Mu kuwa a nan, duk takardar da muke ji da ita sai mun manne ta a leda, tun daga ta haihuwa har ta sallama daga aiki. Baba Kefas ya zura rasit a injin manna leda, zafi ya bi ta kansa, ya fito baƙi ƙirin. Ya ce ba komai, ai manhaja ta riga ta hau. Ya ajiye shi cikin akwatinsa na soja.

Kamfanin manhajar ya daɗe da komawa haya wata-wata, bai ma san da tsofaffin masu saye ba. Shi ya sa Baba Kefas ya koma jinyar kwamfuta. Ya ɗaura mata fanka, ya hana kowa taɓa ta. Wallahi na gaji da ganinsa kullum da safe yana lallashinta kafin ta tashi. Shi ma ya gaji, bai dai faɗa ba.

Ranar Litinin ta ƙi tashi, ga katin auren 'yar wani malami daga Mahuta yana jira. Lawwali mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai.

"Baba, wagga ta gama aikinta. Amma akwai wata kwamfuta hannuna, ga faifan manhajar nan kuma. Kawo lambar kawai in ɗora maka."

Baba Kefas ya jawo akwati, ya miƙa masa ledar. Lawwali ya ɗaga ta a rana, ya juya gaba da baya, bai ga ko harafi ɗaya ba.

"Baba, mi na ne wanga?"

"Lasisina ne," in ji Baba Kefas. Ya karɓa ya goge da hannun riga. "Duba da kyau, ɗana. Ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba."