Kwana Taran da Na Ɓoye Auta

Sau uku autata ta zauna jarabawar shiga jami'a. A na farko makin bai kai ba, a na biyu ya kai amma ba a kira ta ba, sai a na ukun Allah ya yi. Ranar da ta shigo tsakar gida da waya a hannu tana tsalle tana cewa an ɗauke ta, ina cikin tankaɗen garin tuwo. Sai da yamma na tsinci rariyar a bayan randa.

Ni mace ce mai son a san abin alherina, wannan ba zan musa ba. Amma ina da dalili. Shekara biyun da yarinyar ta yi zaune a gida na sha magana a unguwarmu a Kankia, kuma wadda ta fi tsaya mani a rai ita ce ta maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, muke ce mata Hajiya. Wata rana a gidan suna, a gaban mata cike da ɗaki, ta ce, "Ni dai da za a ji tawa, da an bar yarinyar ga ta huta. Boko ba na kowa ba ne." Na yi murmushi na ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri, amma maganar nan ban yar da ita ba. Don haka da labari ya zo, gidan Hajiya na fara shiga, ko mayafi ban gama yafawa ba.

Wata guda muka yi muna shiri. Babanta, Malam, malamin firamare ne da ya yi ritaya ya koma noma a Tafashiya, kuma shi bai iya nuna murna da baki ba, da sayayya yake nuna ta. Kullum sai ya dawo da wani abu ɗaure a bayan babur: yau bokiti, gobe risho, jibi gidan sauro. Kwaɗo kuwa har huɗu ya sayo. Na ce, "Malam, karatu za ta ko gadin kasuwa?" Ya ce ni ban san yadda ɗakin kwanan ɗalibai yake ba. Shi ma fa bai taɓa shiga ko ɗaya ba.

Ni kuma madafi na tare. Na daka yaji, na yi ƙuli-ƙuli, na niƙo garin kunu, na tankaɗe kuka da busasshiyar kuɓewa. Daddawa sai da na naɗe ta a leda uku don kada ta kama mata tufafi 'yan birni su yi mata dariya. In yarinyar ta zo za ta yi mani magana sai in ce ta bari in gama, ko in aike ta ta ɗauko wani abu. Kayan nake kallo daga safe har yamma, ita mai kayan ban samu lokacinta ba.

A wajenmu yaro ba ya yin tafiya mai nisa sai ya bi dangi ya yi sallama. Malam ya goya ta a babur suka je Kafinsoli wajen goggonninta, suka je Sukuntuni wajen yayana. Ranar Alhamis muka tafi mu uku Kusada wajen kakarta, mahaifiyar Malam, wadda kowa ke ce wa Inna. Inna ta yanka zakarunta biyu da take ji da su, ta yi mata dambu cike da wata babbar roba. Ta dafa kan yarinyar ta yi ta addu'a, ta yi kuka har ta sa mu kuka, har Malam ya fita waje wai zai duba iskar tayar babur. Ranar Juma'a matan unguwa suka cika gidana, wannan da sabulu, waccan da man shafawa. Hajiya ma ta kawo nata. Na tsaya a tsakar gida na sanar da kowa cewa gobe da asuba direban da Malam ya sani zai ɗauke ta a ƙofar gida.

Bayan la'asar, mata sun watse ke nan, saƙo ya shigo wayar auta. An ɗage zuwan sabbin ɗalibai da sati uku, wai ba a gama gyaran ɗakunan kwana ba. Malam ya ce, "To, Allah ya sa hakan ya fi alheri," ya ɗauki hularsa ya fita. Ni kuwa abin da nake gani kawai shi ne gobe a ga yarinya ta fito zubar da shara, a fara ƙus-ƙus, a ce dama ba a ɗauke ta ba, uwar ce ta shirya zance aka karɓe wa mutane sabulu da zakaru.

Wallahi ban shirya yin ƙarya ba. Washegari da sassafe auta tana ɗaki ta koma barci bayan sallah, ina shara, sai ga sallamar Hajiya.

"Ashe har an tahi ban ji tashin mota ba?" ta ce. "To ya kewa?"

Bakina ne ya riga ni. "Kewa sai haƙuri, Hajiya."

Ta ce Allah ya sauke ta lafiya, na ce amin. Tana fita na yar da tsintsiya na dafe kai.

Da na gaya wa Malam ya daɗe yana kallona. Ya ce shi ba zai yi ƙarya da furfurarsa ba, duk wanda ya tambaye shi zai faɗa masa gaskiya. Sai dai daga ranar, gari na wayewa yake hawa babur ya nufi gona, ba ya dawowa sai magariba ta kawo jiki, don kada ya gamu da mai tambayar. Aikin roron waken da ya ce zai ci wata guda, a kwana tara ya gama shi. Auta kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "Umma, sati uku fa aka ce, ba kwana uku ba." Na ce ta dai zauna a ɗaki kafin in san dabarar da zan yi. Dabarar ba ta taɓa zuwa ba.

Haka mata suka yi ta shigowa yi mani gaisuwar kewa, kamar yadda aka saba in ɗan gida ya yi nisa. Da an ji sallama daga zaure, auta ta suri takalmanta ta faɗa ɗaki ta saki labule. Ni kuma in shimfiɗa tabarma, in langaɓe kai, ana ba ni haƙuri ina amsawa. Hajiya ce ta fi kowa zuwa, kusan kullum sai ta leƙo. Duk shigowarta sai in yi ta satar kallon labulen ɗakin auta.

Amma zan faɗi gaskiya, tsakanin baƙuwa da baƙuwa ban taɓa jin daɗin zama da 'yata kamar na kwanakin nan ba. An gama ɗaure kaya, babu aike, babu inda za ta. Ta tsefe mani kai ta yi mani kitso, tana yi tana ba ni labari. A nan na ji abin da ta yi ta son gaya mani ina cewa ta bari in gama. Ashe tsoro take ji. Tana tsoron Turancin 'yan birni, tana tsoron a ba ta gadon sama ta faɗo cikin barci, tana tsoron ta yi rashin lafiya babu mai dama mata kunu. Ni ma na ba ta labarin ranar da aka kai ni gidan Inna a Kusada ina amarya, yadda na zuba gishiri sau biyu a miyar farko saboda rawar jiki, Inna ta cinye tuwonta tas ba ta ce komai ba. Mukan yi dariya muna toshe baki da gefen zane. A kwana na uku muka buɗe robar dambun nan, wai mu ɗanɗana ko ya fara lalacewa. Bai lalace ba. Muka ci gaba da dubawa kullum.

A kwana na takwas ne ta yi mani tambayar da ta hana ni sukuni. Muna tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Umma, mutane ne kike tsoron ba su yarda an ɗauke ni ba, ko ke ce har yanzu ba ki yarda ba?" Na ji kunyarta ƙwarai, na kuma ji haushin kaina.

Washegari da hantsi sai ga Inna daga Kusada, da ƙullin kayanta a ka, ba ta ko aiko ba.

"Na ce bari in zo in ɗebe maki kewa, ɗiyata," ta ce. "Gidan ga ya yi maki girma ke kaɗai. Ɗakin 'yar makaranta zan sauka, tunda ba kowa."

Kafin in miƙe daga durƙuson gaisuwa har ta ɗaga labule. Ga auta zaune a kan katifa, robar dambu a cinya, hannu a baki. Inna ta dubi jikarta, ta juyo ta dube ni, ta sake duban jikarta.

"La'ilaha illallahu," ta ce. "Ashe jami'ar kusa take. Da na sani ai da ƙasa zan riƙa zuwa ziyara."

Na yi mata bayani kaina a sunkuye. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da auta ta kawo mata ruwa. Ta ce wa yarinyar ta maido mata da hawayenta tunda ba a yi amfani da su ba, ta leƙa robar ta ga gindinta, ta ce zakarunta sun mutu a banza. Can sai ta goge ido ta daina dariyar.

"Yarinya ta yi shekara biyu tana wahala har ta ci," ta ce, "ke kuma kin ɓoye ta kamar kayan sata. Mi ta yi maki? Tashi ki ɗauki mayahi, ki kama hannunta, ki fara da gidan da kika fara yin ƙaryar."

Daga ƙofarmu zuwa ta Hajiya taku goma ne, amma sai da na tsaya sau biyu. Muka same ta tana ɓarar gyaɗa a inuwa. Na zauna na faɗi komai, tun daga saƙon waya har zuwa labule, ina jiran abin da zai biyo baya. Hajiya ko hannunta bai tsaya ba.

"Yo ai tun waccan Lahadin na sani," ta ce. "Katangar ga tana tare ido, ba ta tare dariya. Yarinyar da anka haifa gabana ce zan kasa gane dariyarta? Kuma ɗiyar ƙanwata can take karatu, ita ta gaya mani an ɗage ma sababbi."

Na ce, "To Hajiya, me ya sa kika yi ta zuwa kullum kina ba ni haƙuri?"

"In na daina zuwa ai kin gane na gane. Na ce ma matan unguwa kowa ta kama bakinta, ta je ta gaishe ki yadda anka saba, har ki gaji ki hiddo ta da kanki. Ba mu so ki ji kunya."

Sannan ta ajiye gyaɗar ta jawo auta kusa da ita. Ta ce maganar da ta yi a gidan suna ta san tana nan a raina, tana ganinta a gaisuwata. Ta ce ramar da yarinyar ta yi a lokacin ce ta ba ta tausayi, shi ya sa ta faɗa. "Na yi kuskure," ta ce, "kuma ban taɓa jin daɗin yin kuskure irin wannan ba." Shekara biyu ina riƙe da matar nan a zuciya, ashe ita ce ta bi gida-gida tana rufa mani asiri. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba.

Sauran kwanakin auta ta yi yawonta a sarari, ni kuma na sha tsiya. Duk wadda ta gamu da ni sai ta ce, "Ashe har an ba 'yar makaranta hutu? Kai, karatun zamani da sauri yake." Inna ta ƙi komawa Kusada. Ta sa Malam ya sayo kaji ta sake yin wani dambun, ta zuba a akwatin auta ta datse da ɗaya daga kwaɗunan nan, ta rataya makullin a wuya, ta ce ta ga irin riƙon amanarmu.

Da ranar tafiyar gaske ta zo, na ce wa Malam ba za a yi ta da asuba ba. Sai da rana ta fito sosai mota ta tsaya a ƙofar gida, unguwa duk ta fito. Malam ya ɗaure katifa a saman mota, ya kwance, ya sake ɗaurewa. Hajiya ta rangaɗa guɗa kamar ana kai amarya. Da auta ta durƙusa yi mani sallama na ɗago ta, na faɗa mata a kunne cewa ban taɓa shakkarta ba ko rana ɗaya, tsoron bakin mutane ne ya fi ƙarfina, ta yafe mani. Ta ce, "Umma, ai ni na ci riba. Kwana tara na same ki ni kaɗai."

Mota ta sha kwana, mutane suka watse. Malam ya tafi raka Inna tasha. Na koma tsakar gida na zauna da farantin wake a gabana, ɗakin auta a buɗe, labulen a ɗage. Ban jima ba Hajiya ta shigo. Ba ta gaishe ni ba, ba ta ba ni haƙuri ba, ta dai jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna kusa da ni ta sa hannu a farantin. Muka zauna haka har aka kira azahar, ni ina hawaye ina dariya, ita tana ta tsintar waken da na riga na tsince.